Sarƙar Tsohon Babur

Masu babur kan ce sarƙa ta miƙe. Abin mamaki, ƙarfen sarƙa ba ya miƙewa. Da za a kwance tsohuwar sarƙa a auna kunnuwan kowace gaɓa, za a tarar tsawonsu na nan yadda suka fito daga masana'anta. Amma a shimfiɗa ta a ƙasa kusa da sabuwa mai gaɓoɓi daidai da nata, sai a ga tsohuwar ta zarce da tsawon gaɓa biyu. To, daga ina wannan ƙarin ya fito?

Amsar tana da amfani ga duk mai shirin sayen babur na hannu, kuma irinsa sun yi yawa a ƙasar Daura a 'yan shekarun nan. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Masu ƙananan motoci da dama suka jingine su, suka koma neman babur. Sai dai darajar naira ma ta faɗi a daidai lokacin, baburan kuwa daga Indiya da Sin suke zuwa. Sabon babur ƙirar Boxer ya haye naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ko ƙaramin ma'aikaci ya ɗaure cikinsa ya tara albashin shekara cur, bai kai ba.

Aiki kuma ba ya jira. Malamin firamare da ke zaune cikin garin Daura aka tura shi wani ƙauye a Sandamu ko Zango, ma'aikacin ƙaramin asibiti a ƙasar Baure, ɗalibin da ke haya nesa da makaranta, ɗan tireda da ba ya fashin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, kowannensu na bukatar abin hawa da zai tashi kullum da sassafe, ya sha mai kaɗan, ya bi kwalta, ya sauka ya bi burji da rairayi. Sai a nufi wajen dillalai.

A can, idon mai saye kan fara sauka ne a kan abin da aka shirya masa ya gani. An wanke babur tas, an goge tanki har yana ɗaukar ido, an sa sabuwar rigar kujera, an ɗaura madubai biyu. Ba laifi ba ne mutum ya gyara hajarsa. Amma duk wannan aikin yini ɗaya ne, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Mita ma ba abin dogaro ba ce, don sau da yawa wayarta ta daɗe da tsinkewa, lambobin sun tsaya cik babur ya ci gaba da tafiyarsa. Shi ya sa mai hankali ke zuwa da bakanike. Shi kuwa bakanike, kafin ya kalli fenti, sai ya kai bayan hannunsa jikin inji ya ji ko da ɗumi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙin farko. Daga nan ya sa a kafe babur yadda tayar baya za ta bar ƙasa, ya zagaya, ya tsuguna.

"Malam, matso ka gani da idonka."

Yatsu biyu zai sa ya kama sarƙa a can bayan babban faifai mai haƙora, inda ta naɗe shi, ya ja ta baya. Mai lafiya ba za ta motsa ba sai kaɗan, tana manne da faifai. Wadda ta gama aiki kuwa za ta ɗago har a ga rabin haƙori, haske na ratsawa ta ƙarƙashinta. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, ba ya kuma bukatar ko sifana.

Sarƙar da ke jikin yawancin ƙananan baburan nan ita ce mai lamba 428. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Renold, shi ya ƙirƙiro irinta a Manchester ta Ingila a 1880, kuma tsarinta bai sauya sosai ba har yau. Kowace gaɓa tana da kunnuwa na ƙarfe, da 'yar ƙusa da ta ratsa su, da ɗan bututun da ƙusar ke juyawa a ciki, da zobe a waje wanda ke sauka tsakanin haƙoran faifai. Daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ta gabanta rabin inci ne cif, wato milimita 12.7. Gaɓa 20 na sabuwar sarƙa milimita 254 ke nan. Littattafan gyara na masu ƙera babur kan ce idan wannan awo ya kai wajen 259, a yar da ita. Milimita 5 a kan gaɓa 20, rubu'in milimita ke nan a kowace gaɓa, kaurin takarda biyu ko uku. Ido ba ya kama shi.

Ci ne ya kawo wannan rubu'in milimita. Ƙusa na cin bututu, bututu na cin ƙusa. Ita ta ɗan sirance, shi ya ɗan buɗe, sai ɗan gurbi ya samu a tsakani. Idan inji ya ja, kowace gaɓa ta buɗa nata ɗan gurbin, gaɓa ɗari da 'yan kai su tara nasu wuri guda, sai ga kusan santimita uku da ba wanda ya ƙara.

Lissafin yadda cin ke faruwa ma abin tsayawa a duba ne. Tayar baya na juyawa kamar sau 500 a kilomita guda. Faifan jikinta na da haƙora wajen 40, don haka gaɓa kusan 20,000 ke ratsa shi a kowace kilomita, sarƙar gaba ɗaya kuma ta zagaya kamar sau 180. A kowane zagaye gaɓa na motsawa sau huɗu: ta hau faifan gaba, ta sauka, ta hau na baya, ta sauka. Mai yin kilomita 15 zuwa aiki da 15 dawowa, kowace gaɓa ta sarƙarsa ta motsa fiye da sau 20,000 kafin magariba. Zuwa Katsina daga Daura, kimanin kilomita 80, ya ninka wannan kusan sau uku.

Sai kuma ƙasar da ake tafiya a kai. Ƙasar Daura jigawa ce, da an bar kwalta sai rairayi, ga hazon hunturu da ke shiga ko'ina. Ƙwayar rairayi ta fi yawancin ƙarfe tauri. Idan ta haɗu da mai, sai su zama wani baƙin kwaɓi da ke kutsawa tsakanin ƙusa da bututu, yana wasa su duk motsin da suka yi. Masu ƙera Boxer da Jincheng sun san da haka, shi ya sa suke rufe sarƙa ruf cikin kwanson ƙarfe, su bar 'yar ƙofa ta dubawa da zuba mai. Amma da kwanson ya fara ƙara, ko aka kwance shi garin faci aka ji ƙyuyar mayarwa, sai a jefa shi bayan ɗaki. Daga ranar sarƙa ta koma tsirara. Mai babur ya riƙa kwarara mata baƙin man da aka juye daga inji, bai wanke ta da kananzir ba, yana ganin alheri yake yi mata, alhali sabon kwaɓi yake damawa a kan tsoho.

Saboda haka tun ba a tayar da inji ba, sarƙa ta riga ta ba da labarin mai ita. Wanda ya bar ta ta bushe ta yi jar tsatsa, ga ta a fili kullum yana tsallake ta ya hau, da wuya a ce yana juyen mai a kan lokaci, wanda shi ba a ganinsa. Wanda kwansonsa ke nan da notinansa cikakku, akwai alamar abin da ke cikin inji ma ya samu kulawa.

Faifan ma na da nasa bayanin. Sabon haƙori gefensa biyu iri ɗaya ne, kansa a daidaice. Sarƙar da ta saki ba ta ƙara zama daidai cikin gurbin haƙora, takan ɗan hau sama ta riƙa gogar gefe guda. Sannu a hankali haƙoran su sirance, su yi tsini, su karkata duk su fuskanci waje ɗaya. Wato faifai ya sauya siffa don ya dace da sarƙar da ta lalace. Abin lura a nan shi ne su biyun suna tafiyarsu tare lami lafiya. Sun san juna, kowane ya ci daidai da cin ɗan'uwansa. Mai babur zai iya yin watanni bai ji komai ba, sai ranar da ya ɗauko buhun gero ya zo hawan wani tudu, sarƙa ta tsallake haƙora ko ta zame gaba ɗaya.

Faifai biyu ne, kuma wanda ake gani ba shi ya fi shan wahala ba. Na gaba, ƙaramin da ke jikin inji, haƙoransa 14 ne ko 15, yana juyawa kusan sau uku kafin na baya ya juya sau ɗaya. Ya fi saurin ci, ga shi kuma a ɓoye bayan murfi. Mai sayarwa kan iya sauya na baya ya bar shi. Bakaniken da ya san aikinsa sai ya kwance murfin nan ya leƙa.

Yanzu a ce mai saye ya ga sarƙa ta mutu, ya ce ba komai, zai sayi sabuwa ya ɗora a kan faifan da ke nan, tunda shi bai karye ba. A sabon faifai, nauyin jan inji na rarrabuwa ne a kan haƙora da yawa lokaci guda, kowace gaɓa ta ɗauki ɗan rabonta. A tsohon faifai kuwa tazarar haƙora ba ta ƙara yin daidai da ta sabuwar sarƙa ba, sai nauyin duka ya taru a kan gaɓa ɗaya ko biyu. Cikin ɗan lokaci sabuwar ta ci, ta koma siffar tsohuwar da aka cire. Idan aka juya, aka sa sabon faifai aka bar tsohuwar sarƙa, ita ma haka za ta cinye masa haƙora. Shi ya sa kanikawa ke cewa a sauya su ukun tare.

Wanda ya daɗe yana kallon sarƙar nan da faifanta, da wuya bai tuna da mutane ba.

Ba a cika samun wanda ya kwanta da amana ya wayi gari maha'inci ba. Ma'aikacin da yanzu ba ya isa wurin aiki sai hantsi ya dubi ludayi, akwai shekarar da shi ke buɗe ƙofa. Da za a jero masa ranakunsa a tsare kowace da tambaya, kowace na da amsar da za a karɓa. Ran nan yaro ne ya kwana da zazzaɓi. Ran nan layin mai. Ran nan jana'iza a unguwa. Ran nan minti biyar ne kacal, wa zai tsaya yi wa mutum magana a kan minti biyar? Babu ranar da za a nuna a ce ga inda abin ya ɓaci, kamar yadda babu gaɓar da za a ɗaga a ce ita ce ta miƙe. Haka mai awon da ya fara da rage tsororuwar mudu. Abin da yake ragewa a mudu guda bai cika tafin hannu ba, amma sura guda a Alƙur'ani ta buɗe da gargaɗin masu yin haka, da su kuma ake kiran ta.

Misalin faifai shi ya fi ban tsoro. Mutum ba shi kaɗai yake saki ba, masu juyawa tare da shi ma suna cinyewa har su dace da shi. Idan malami ya saba zuwa ƙarfe tara, ba a daɗe sai darasin farko ya koma lokacin shara. Yara su gane, su daina sammako. Iyaye su gane, su riƙa aiken yaro ɗebo ruwa ko kai wa awaki harawa kafin ya tafi. Shugaban makaranta, wanda shi ma yana da ranakun da yake so a kau masa da kai, ya bar rajista a buɗe har azahar. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan. Babu kuma hayaniya, kowa na gaisawa da kowa cikin mutunci, har baƙo ya zo ya yaba da zaman lafiyar wurin.

Sai a turo sabon malami, bai daɗe da gama karatu ba. Ƙarfe takwas saura yana bakin aji. Shi ke riƙe aji uku kafin sauran su iso, shi ke zuwa gida gida neman yara, shi kuma ake kira mai iyayi. Nauyin da ya kamata mutum shida su raba ya taru a kansa. Wata rana wani dattijo cikinsu ya ja shi gindin bishiya, don tausayi ba don mugunta ba, ya ce, "Ƙanena, bi a hankali. Mu ma da haka muka fara." Kuma gaskiya ya faɗa. Bayan zango biyu ko uku, ko dai yaron ya nemi canjin wuri, ko ya saki. Haka idan sabon shugaba aka kawo aka bar masa komai yadda yake, zai shigo da kaifinsa, a bi shi da "to, ranka ya daɗe" har kaifin ya tafi. Gyaran da ake yi na cire mutum ɗaya a sa wani, a tafa, a watse, ba ya daɗewa, kuma ba lallai ne don wanda aka sa ɗin ba mutumin kirki ba ne.

Kada kuma a manta da rairayi. Albashin da ba ya kai tsakiyar wata, kuɗin man da ke cinye rabinsa, aji mai yara fiye da ƙima babu alli babu benci, duk suna shiga tsakanin mutum da aikinsa suna wasa shi kullum. Wanda ya kwance kwanso ya bar mutane cikin wannan ƙura yana da nasa kason a cikin sakin da ya biyo baya.

Akwai dai inda misalin ya tsaya. Ƙarfen da ya ci ya tafi ke nan, babu man da zai dawo da shi. Mai rai ba haka Allah Ya yi shi ba. Gwiwar ɗan'adam na lanƙwasa shekara saba'in tana samar wa kanta maiƙo, ƙashi ya karye ya haɗe, tafin hannun manomi kauri yake ƙarawa da aiki. Da alama hali ma a wannan sashen yake, tunda an bar ƙofar tuba a buɗe. Sai dai ta hanyar da ya tafi yake dawowa, kaɗan kaɗan, ranar farko ba mai lura.

A koma wajen dillali, don bakanike bai tashi daga tsugunnonsa ba. A ƙarshen ƙarfen da ke riƙe tayar baya akwai 'yan zane a jere, dama da hagu, da notin da ake jan taya baya da shi. Duk sanda sarƙa ta saki sai a ja taya baya kaɗan, alama ta matsa. Idan ta kai zanen ƙarshe, magana ta ƙare. Amma akwai dabara: a cire gaɓa biyu, a turo taya gaba, alama ta koma zanen farko kamar yau aka sa sarƙar. Talaka kan yi haka don ya ja kwana, wannan tsakaninsa da aljihunsa ne. Wanda ya yi don mai saye ya ga zanen farko kuwa ya shiga wani babi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta haramta algus da ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da aibi a cikinsa. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Dabarar ma ba ta cin gwajin yatsu biyu, don gurbin kowace gaɓa na nan inda yake.

Cikin masu neman babur akwai wanda zuciyarsa ba ta kan Boxer. Ya ga manyan baburan Japan da ake shigowa da su na hannu ta Legas ko Kwatano, irin su Honda VFR800 da Yamaha FJR1300, waɗanda aka ƙera don doguwar tafiya cikin sauri da hutu, da gilashin kare iska da faffaɗar kujera. A Turai tsofaffinsu kan yi sauƙi, mutane na zuwa aiki da su. A kan titin Daura zuwa Kano ta Kazaure ba shakka za su yi daɗi. Amma injin VFR ya ninka na Boxer sau takwas, na FJR sau goma sha uku, nauyin FJR kuma ya doshi kilo 290, Boxer bai kai rabin haka ba. Man da za su sha ya kai ninki uku. Tayoyinsu na kwalta ne, a rairayi sai kokawa. Injinsu na son fetur mai tsabta, alhali bayan da Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, mutanen garuruwa irin su Kongwalam da Babban Mutum suka ƙara dogara da 'yan bumburutu. Sarƙar VFR mai zobban roba ce da ke riƙe giris a cikin kowace gaɓa, ta fi daɗewa, amma ranar da ta mutu sai an aika nesa. FJR kuwa ba shi da sarƙa sam, sandar ƙarfe ce a rufe ke juya taya. Babu abin da za a kama da yatsu. A Turai littafin tarihin gyara ke tsayawa a matsayin shaida, shi kuma ba kasafai yake biyo babur zuwa nan ba.

Kamfanin Honda da kansa ya taɓa koyon wannan karatu. A 1974 ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan, Indunusiya, Iran da Pakistan su ga yadda ake amfani da baburansa. Suka tarar da iyali guda a kan babur ɗaya, man inji ya yi kauri ba a juye ba, matatar iska ta toshe da ƙura, sarƙa an ja ta har zanen ƙarshe tana dukan kwanso. Suka koma suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai jure sakaci da matatar iska ta soso da ake wankewa a mayar. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son isa aiki kullum, babur ɗin da ya dace da shi shi ne wanda aka ƙera da irin hanyarsa a zuci, wanda bakaniken Fago ko na Koza zai iya kwancewa ya ɗaura, kayansa kuma na rataye a shagon bakin tasha.

Saura takarda. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta fitar da dokar daƙile matsalar tsaro, cikinta har da hana sayar da babura na hannu a kasuwar Caranci, da dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Mai'aduwa da Baure. Wannan ya isa nuna cewa babur ɗin da ba a san asalinsa ba na iya jawo wa mai shi abin da ya fi asarar kuɗi. A duba lambar inji da ta jikin ƙarfe, a gwada da na rasit. Idan an ga alamar an goge lamba ko an sake bugawa, a yi sallama a tafi, komai arahar. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu.

Idan komai ya yi sai sarƙa, ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin ragi ne. Mai saye ya tambayi kuɗin sarƙa da faifai biyu da kwanso da juyen mai, ya cire daga tayinsa, ya kuma faɗi dalili a fili. Mai babur zai ce albarka, dillali ya shiga tsakani yana "Alhaji, duba masa, Malam, ɗan ƙara wani abu," har a sallama, a biya la'ada. Daga nan gareji ya kamata a nufa kafin gida. Wajen ɗaurawa kuma kada ɗoki ya sa a ja sabuwar sarƙa tamau. Ana bar mata sakin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a sake dubawa da mutum zaune a kai, don nauyi na ƙara ɗaure ta, wadda aka matse fiye da ƙima kuma boris take ci, na taya da na inji.

Wani kuwa kuɗinsa a kan sayen suka ƙare, babu na sabon kaya. Shi kanikawa kan kwance masa faifan baya su juya shi, gefen haƙoran da bai ci ba ya karɓi aiki, su wanke tsohuwar sarƙa da kananzir, su sa mata mai, su nemo masa kwanso na hannu. Bakanike na gari zai gaya masa cewa wannan jan kwana ne kawai: ya rage lodi, ya daina fizgar babur wajen tashi, ya riƙa ware wani abu duk ƙarshen wata, ya dawo a sauya su ukun kafin damina ta sauka hanyoyin ƙauye su cika da laka.